Yadda na bi sawun jirgin da ke jikin wani tsohon kati

Wata Asabar ce cikin sanyin Nuwamba na shiga kasuwar tsofaffin kaya ta Flohschanze a Hamburg da niyyar neman butar shayi. Ban samu butar ba. Abin da na fito da shi kati ne guda, irin na gidan waya, wanda na zaro daga cikin kwalin takalmi a teburin wani dattijo. Ya ce yuro uku, ban yi ciniki ba, na biya.

Hoton jirgin ruwa ne a jikinsa, baƙi, dogo siriri kamar wuƙa, da bututun hayaƙi uku masu ruwan ɗorawa, da dogayen sanduna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. A ƙasan hoton an buga sunansa, Auguste Victoria, da sunan kamfaninsa, Hamburg-Amerika Linie. Ba kan sarki, ba hatimin gidan waya, ba adireshi. Ba a taɓa aika shi ba. Sai dai can a gefe, inda takardar ta soma rawaya, wani ya rubuta kalma ɗaya tal da fensir, cikin wani irin rubutu mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Na juya katin ta kowace fuska, ko harafi ɗaya ban iya fitarwa ba.

Shekarata takwas ina aiki a wani sito a tashar jiragen ruwa ta wannan gari. Kullum idona na kan kwantenoni masu ruwan lemo da aka rubuta wa Hapag-Lloyd, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina sunan ya fito ba. Ashe rabinsa na farko, Hapag, taƙaitaccen sunan wannan kamfani ne da ke jikin katin, wanda aka kafa a 1847, ya haɗe da abokin hamayyarsa Lloyd na garin Bremen a 1970. Wannan kaɗai ya sa na ji katin ba baƙo ba ne a hannuna. Na ƙudurta sai na gano abu uku: wane jirgi ne, yaushe aka buga katin, kuma me aka rubuta da fensir ɗin.

Da dare na buga sunan a waya. Nan da nan hotuna suka cika fuskar wayar, na duƙufa karatu. Kwana uku ina rubuta bayanai a littafi: jirgin da ya fi kowane girma a duniya a 1906, nauyinsa ya haura tan 24,000, bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ƙwace shi daga Jamus, daga baya wani kamfanin Kanada ya saye shi ya sa masa Empress of Scotland. Ranar Juma'a bayan masallaci na kai wa wani dattijo da muke kira Baba, Bahaushen Zangon Kumasi wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a jiragen dakon kaya. Ya karɓi katin, ya karɓi wayar, ya gyara zaman tabarau, ya dubi wannan ya dubi wancan.

Ya ce, "Ɗana, wannan da wannan ai ba jirgi ɗaya ba ne."

Na ce, "Baba, ga suna nan iri ɗaya."

Ya ce, "Sunan jirgi riga ce, yau a sa masa, gobe a tuɓe. Ƙirga bututu. Ƙirga sanduna."

Na ƙirga. Na waya bututu biyu, sanduna huɗu. Na kati bututu uku, sanduna biyu. Wanda na kwana uku ina karantawa sunansa Kaiserin Auguste Victoria, ƙane ne da ya zo bayan shekara goma sha bakwai. Na yage shafukan nan, na koma farko. Tun daga ranar, duk hoton da zan duba sai na fara da ƙirga bututu kafin in karanta abin da aka rubuta a ƙasa.

Da na samo jirgin na ainihi, sai wata matsala ta ɓullo. Rabin wuraren sun rubuta Augusta, rabi Auguste. Na ɗauka sakacin masu rubutu ne. Ashe kuskuren a jikin jirgin kansa yake. Kamfanin Vulcan ne ya ƙera shi a Stettin, garin da yau yake cikin Poland ake kiransa Szczecin, aka tura shi ruwa ranar 1 ga Disamba 1888. Da farko Normannia aka so a sa masa. Amma a shekarar ce Wilhelm na Biyu ya hau gadon sarautar Jamus, sai kamfanin ya ga ya kyautu a karrama matar sabon sarki. Aka rubuta Augusta Victoria da manyan haruffa a hancin jirgi, alhali sunan baiwar Allah Auguste ne. Haka jirgin ya yi ta ratsa teku shekara da shekaru da sunan sarauniya a karkace. Sai a 1897, da aka kai shi ma'aikatar Harland da Wolff a Belfast aka yanka shi biyu aka ƙara masa tsawo, sannan aka gyara harafin. A wannan gyaran ne kuma aka cire masa sanda ɗaya daga cikin ukun da aka ƙera shi da su.

Nan na ji daɗin da ban taɓa ji ba a harkar karatu. Katin da ke hannuna Auguste ya ce, kuma sanduna biyu ne a hoton. Ke nan ba a buga shi kafin 1897 ba. Na samu bango ɗaya. Saura ɗaya bangon.

Shi kuma a bayan katin na same shi. Wata Asabar na koma wurin dattijon da ya sayar mini, ya nuna mini abin da masu tara katuna suka daɗe da sani. A Jamus, kafin 1905, bayan kati na adireshi ne kaɗai, doka ba ta yarda a rubuta saƙo a can ba. Mai son gaisuwa sai ya matsa ta a gefen hoto. Daga 1905 ne aka fara raba bayan da layi, hagu saƙo, dama adireshi. Ya zaro katuna biyu daga kwalinsa ya jera mini, na ga bambancin ƙiri-ƙiri. Nawa ba layi. Wannan ya bayyana dalilin da mai fensir ya rubuta kalmarsa a gaba. Kuma da ma a 1904 jirgin ya bar hannun Jamusawa. Saboda haka katin ya faɗo tsakanin 1897 da 1904, ba tare da hatimi ko kwanan wata ba.

Saura kalmar. Akwai wata tsohuwa a benen da ke ƙasa da namu, ta haura tamanin da biyar, wadda matata ke taimaka wa da cefane. Na kai mata katin da gilashin ƙara girman rubutu. Ta ce wannan tsohon rubutun Jamusawa ne da ake kira Kurrent, an daina koyar da irinsa a makarantu tun cikin yaƙin duniya na biyu, ita ma wasiƙun kakarta ne suka koya mata. Ta kai katin bakin taga, ta bi haruffan da farcen ɗan yatsa. Ta nuna mini yadda harafin e a rubutun yake kama da n, shi ya sa na kasa. Sannan ta ɗago ta ce, "Neapel." Wato Naples, birnin Italiya.

Na dawo ɗaki da tambayar da ta fi duk na baya. Jirgin Hamburg zuwa New York, me ya kai shi Italiya?

Amsar ita ce ta riƙe ni wata uku. An ƙera jirgin ne don gudu. Ranar 10 ga Mayu 1889 ya fara tashi daga Hamburg, ya biya ta Southampton, ya ratsa Tekun Atlantika cikin kwana bakwai. Farfela biyu gare shi, abin da babu wani babban jirgin fasinja na ƙasashen tsakiyar Turai da ya riga shi samu, ta yadda ko injin ɗaya ya tsaya ɗaya zai kai mutane gaɓa. Yana da ɗakunan mutum 400 a aji na ɗaya, 120 a aji na biyu, da wurin mutum 580 a can ƙasa. Amma irin wannan jirgi cin kwal gare shi kamar gara, kuma ribarsa a wurin masu kuɗi take. Su kuwa masu kuɗi, da hunturu ya kama, ba mai yarda ya hau Atlantika ta arewa, inda igiyar ruwa ke tashi kamar bene. Sai a ɗaure jirgin a tasha wata da watanni, ba ya kawo ko kwabo, ga kuɗin gyara da na ma'aikata.

Shugaban sashen fasinja na kamfanin a lokacin wani matashi ne ɗan shekara 33, Albert Ballin, Bayahuden Hamburg da ya taso a ƙaramin ofishin mahaifinsa na sayar wa masu hijira tikiti. Shi ya kawo shawarar a tura jirgin kudu, inda rana take, a ɗauki mutanen da ba inda za su, su zaga su dawo inda suka tashi. Manyan kamfanin sun ga abin kamar taɓin hankali, domin a lokacin ba mai shiga teku sai dole ta sa.

Da na karanta wannan sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Duk shekara da an gama girbi, an kai dawa rumbu, sai ya ɗaure ƙunshinsa ya tafi birni cin rani, ya yi ga-ruwa ko gini, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Gona ba ta ba da komai da rani, zama kuwa ba ya ciyar da gida. Abin da Ballin ya yi wa jirginsa ke nan, ya tura shi cin rani. Har yau da wannan sunan nake faɗa wa mutanenmu labarin, kuma ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani.

Ranar 22 ga Janairu 1891 jirgin ya tashi daga Cuxhaven, inda kogin Elbe ke faɗawa teku, da fasinja 241, cikinsu har da Ballin da matarsa. Sarki Wilhelm da kansa ya zo ya zaga jirgin kafin tashi. Na samo taswira na manna a bango, na bi hanyar da jan zare da ƙusoshi: Southampton, Gibraltar, Genoa, Iskandariyya, Jaffa, Bairut, Istanbul, Atina, Malta, Palermo, Naples, Lisbon. Kwana 57. A Iskandariyya suka sauka suka tafi Alƙahira kallon dalar Fir'auna. A Jaffa suka sauka suka nufi Ƙudus. Cikin jirgi akwai makaɗa, akwai jaridar da ake bugawa a nan cikinsa, akwai zauren cin abinci da aka yi wa ado da ruwan zinariya kamar fada. Ɗaki mafi tsada ya kai Mark 2,400, kuɗin da leburan tasha irina na wancan zamani ba zai tara ba ko da zai shekara biyu bai ci bai sha ba. Tafiyar ta yi riba, aka maimaita, daga baya aka ƙara da zuwa gaɓar Norway lokacin zafi.

Jamusawa na son cewa wannan ce tafiyar shaƙatawa ta farko a teku. Ni ban yarda da faɗin haka kai tsaye ba, don tun 1881 Turawan Ingila suka gyara wani tsohon jirgin fasinja mai suna Ceylon don yawon buɗe ido. Abin da Ballin ya yi wanda ya bambanta shi ne, bai ɗauko tsohon jirgin da ya gaji ba. Mafi kyawun abin da kamfanin ke da shi ya ɗauka, ya haɗa masauki da abinci da nishaɗi da sauka gari-gari cikin shiri guda. Duk manyan jiragen nan farare masu kama da unguwa guda da ke tsayawa a Steinwerder, tashar jiragen shaƙatawa ta Hamburg, yau, jikokin wannan shiri ne.

Zan iya tsayawa a nan in ce na gano sirrin Neapel. Amma lambar nan ta 580 ta ƙi barina. Su wane ne mutanen can ƙasa?

Na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Veddel ta Hamburg, inda gidan tarihi na BallinStadt yake, a filin da kamfanin ya gina wa masu hijira masauki a 1901. Hamburg ta adana jerin sunayen waɗanda suka fita ta tasharta daga 1850 zuwa 1934, mutum wajen miliyan biyar, kuma a gidan akwai kwamfutoci da baƙo zai zauna ya bincika. Na zauna na sa sunan jirgin. Darasin baya ya yi mini rana, na nema da Augusta, na sake nema da Auguste. Shafukan suka fito, rubutun hannun akawu, layi bayan layi: suna, shekaru, sana'a, garin da aka baro, inda za a. Na ƙananan ɗakuna an rubuta musu Kajüte. Na ƙasa kuwa Zwischendeck, wato tsakanin bene da bene, wurin da ba ɗaki ba ne, ba kuma ma'ajiyar kaya ba.

Awa huɗu na yi a kujerar nan. Tela, manomi, lebura, mai gyaran takalmi, baiwar gida. Mace da 'ya'ya biyar, na ƙarshe ɗan wata shida. Garuruwan Rasha da Hungary da yankin Galicia, da yawa Yahudawa masu gudun kisan gilla, da yawa talakawan da ƙasar noma ta yi musu kaɗan. Gadajen ƙarfe hawa biyu, katifar ciyawa, kwanon gwangwani, warin amai da man inji, kuma ba mai hawa sama inda masu kuɗi ke shan iska. Ni da na zo ƙasar nan da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan garinmu a aljihu, ba sai an fassara mini waɗannan layuka ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, in lokacin cin rani ya zo, waɗannan ba sa cikin lissafi. Masu kuɗi kaɗai ake ɗauka, mutum ɗari biyu da 'yan kai a jirgin da ke ɗaukar fiye da dubu. Ƙarfe ɗaya, inji ɗaya, matuƙa ɗaya, da zafi ya kwashi masu gudun yunwa zuwa yamma, da sanyi ya kwashi masu neman abin kallo zuwa kudu.

A nan ne kuma na gano cewa Naples ba ta masu yawo kaɗai ba ce. A shekarun da aka buga katin, kamfanin kan tura jiragensa masu gudu su yi jigila tsakanin Genoa da Naples da New York lokacin hunturu, kuma a lokacin talakawan kudancin Italiya na ta kwarara Amurka. Kalmar da ke gefen katina ta zauna daram a kan hanyoyin biyu.

Da na ba Baba labari, sai ya ce har yanzu ban sauka ƙasa sosai ba, akwai waɗanda ke ƙarƙashin na ƙasa. Da bazara ya ja ni zuwa Oevelgönne, inda ake ajiye tsofaffin jirage, muka shiga wani jirgin fasa ƙanƙara mai suna Stettin, ƙirar 1933, wanda har yau da kwal yake aiki kuma da hannu ake zuba masa. Muka bi matakalar ƙarfe mai santsi muka gangara. Wani ɗan sa-kai ya buɗe ƙofar murhu. Wutar ba ja ba ce, fara ce, zafinta ya mare ni a fuska har na ja da baya. Ya cika shebur, ya karkata kafaɗa, ya watsa kwal ɗin can ƙurya ta yadda zai bazu daidai, ya rufe. Ƙurar ta shiga mini hanci da haƙora. Baba ya matso kusa da kunnena saboda ƙara, ya ce, "Ka ga wannan? Ƙaramin jirgi ne. Ka auna na katinka. Awa huɗu mutum na tsaye a nan, ya huta takwas, ya dawo, dare da rana, wasu na turo kwal a baro, wasu na zubawa." Tun daga ranar, in na kalli hayaƙin da mai zane ya murɗa a saman bututun nan uku, hannuwan mutane nake gani. Su ba su da lokacin sanyi ko na zafi. Da jirgin ya je New York da ya je Iskandariyya, ƙofar murhu ɗaya suke kallo.

Ƙarshen jirgin bai ba ni wahalar nema ba. Nasarar tafiye-tafiyen ta sa Ballin, wanda ya zama babban daraktan kamfanin a 1899, ya sa aka ƙera jirgi musamman don shaƙatawa, Prinzessin Victoria Luise, aka tura shi ruwa a 1900. Sababbin jirage masu gudu suka fito, tsohon ya soma zama nauyi. A 1904, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan, aka sayar da shi ga sojan ruwan Rasha. Suka tuɓe masa ado, suka ɗora masa bindigogi, suka sa masa Kuban. Ya bi ayarin jiragen yaƙin da suka tafi gabas mai nisa, amma an ware shi zuwa farautar jiragen kaya kafin gumurzun Tsushima na Mayu 1905, inda Japan ta ragargaza ayarin, shi ya sa ya tsira. A 1907 aka mai da shi Stettin, garin da aka ƙera shi, aka farfasa shi aka sayar da ƙarfen. Shekara goma sha takwas ke nan daga tafiyarsa ta farko. Ballin kuwa ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 1918, ranar da sarautar Wilhelm ta faɗi.

Abu na ƙarshe da na yi shi ne zuwa Cuxhaven, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa. Na tafi da ɗiyata 'yar shekara tara, da katin cikin leda. Zauren fasinja da kamfanin ya gama ginawa a 1902 yana nan da hasumiyarsa. Masu tafiyar 1891 ba su gan shi ba, amma ya riski shekarun ƙarshe na jirgin a hannun Jamusawa. Daga nan muka taka zuwa Alte Liebe, dandamalin katako da mutane ke tsayawa kallon jirage, iska na neman fizge mana huluna. Wani jirgin kwantena ya taho daga Hamburg, ya wuce mu a hankali ya nufi teku.

Yarinyar ta karɓi katin ta ɗaga shi saitin ruwa, ta dubi hoton, ta dubi jirgin da ke wucewa.

Ta ce, "Abba, wannan bututunsa ɗaya ne."

Na ce, "Haka ne. Sanduna fa?"

Ta runtse ido ta soma ƙirgawa.